Yadda ake fafe ƙwayar bakteriya a mai da ita gorar kai maganin kansa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai yin kemo ya san jan maganin nan da ake ɗurawa ta jijiya, dokzorubisin, ni gwaggona aka yi wa shi kuma har yau in na tuna yanda gashinta ya zube bakinta ya yi gyambo abinci ya gagara sai jikina ya mutu. Maganin fa yana aiki, yana kashe ƙwayoyin kansa sosai, matsalar ita ce bai san gida ba, in ya shiga jini ko'ina zuwa yake, har zuciya yana taɓawa shi ya sa likitoci ke lissafa abin da mutum ya sha a duk rayuwarsa kada ya wuce wajen miligiram 450 zuwa 550 a kan kowane murabba'in mita na faɗin jiki. Toh tambayar da ta daɗe tana cin masu bincike kenan, ya za a yi a ƙunshe dafin nan a cikin wani abu, ya bi jini a rufe, sai ya isa wurin ƙarin sannan ya buɗe? Ɗaya daga cikin amsoshin shi ne a samu bakteriya a kwashe cikinta a bar ɓawon, a zuba magani a ciki. Bara in bi da kai hanyar yanda ake yi, musamman in kai ɗalibin maikurobayoloji ne ko famasi kana neman abin da za ka yi furojet a kai.

Ka tuna yanda ake fafe gora. Ba fasa duman ake yi ba, ɗan baki ake yankawa a sama, a ƙwaƙule 'ya'yan da totuwar a wanke a shanya, jikin yana nan lafiya lau sai dai ciki wayam. Aikin nan kaf ɗinsa haka yake, gwanintar tana wajen fitar da cikin ba tare da an lalata bangon ba. In ka dafa bakteriya ko ka zuba mata sinadari mai ƙarfi ai za ta mutu kam, amma bangon ya lalace, 'yan gashin da ƙugiyoyin da take maƙale wa jikin mutum da su sun ƙone, kaga ka yi asarar abin da kake nema tun farko. Masu aikin suna kiran fafaffiyar ƙwayar fatalwar bakteriya, sabida siffar tana nan amma babu rai.

Fara da zaɓen duman. Hanyar da aka fi sani tana aiki ne a kan bakteriya masu bango biyu, waɗanda in ka yi musu rinin Gram suke fitowa jaja-jaja, irin su E. coli da Salmonella da Vibrio cholerae da Mannheimia haemolytica mai sa shanu ciwon huhu. In sabon shiga ne kai dan Allah kar ka tashi da mai cutarwa, ɗauki E. coli ta leb irin K-12, ko kuma Nissle 1917, wadda likitan Jamus Alfred Nissle ya ware daga bayan gidan wani soja lokacin yaƙin duniya na farko sabida shi bai kamu da zawon da ya kwantar da abokansa ba, har yau ana sayar da ita a matsayin maganin gyaran hanji a Turai. Zaɓen nan ba ƙaramin abu ba ne fa, don kowace bakteriya da irin naman da take son maƙalewa, mai son hanji daban mai son huhu daban, kuma wannan son nata shi ne rabin adireshin da kake so maganin ya bi.

Sai wuƙar fafewa. Wuƙar ba a kasuwa aka samo ta ba, a wurin wani bairos ne mai cin bakteriya, PhiX174, wanda shi ne abu na farko mai DNA da aka karanta gadonsa gaba ɗaya, Fred Sanger da mutanensa suka yi a 1977, harufa 5,386 kacal. A cikin gadon nasa akwai ɗan guntu da ake kira E, yana haɗa ƙaramin furotin mai amino asid 91, aikinsa a rayuwar bairos ɗin shi ne ya huda bakteriyar don 'ya'yansa su fito. Werner Lubitz da abokan aikinsa a Jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya su suka ɗauki guntun nan shi kaɗai ba tare da sauran bairos ɗin ba suka mai da shi kayan aiki. Abin da za ka yi shi ne ka sa guntun E a cikin filasmid, ɗan zoben DNA ɗin nan da ake cusa wa bakteriya, amma ka sa masa makulli, don in ya fara aiki tun ranar farko ai ba za ka samu abin da za ka noma ba, duk za su mutu tun suna tsiraru. Makullin da aka saba shi ne na zafi, wani furotin mai suna cI857 daga bairos lambda yana danne E muddin ana wajen digiri 28, da zarar ka ɗaga zuwa 42 makullin ya saki, E ya tashi.

Nan ne wurin da nake so ka nutsu don nan yawanci ake ɓata aikin. Ka shuka bakteriyarka a ruwan abincinsu irin LB da maganin da filasmid ɗin ke kare ta daga shi, tana kaɗawa a inkubeta a digiri 28, kana ɗiban kaɗan-kaɗan kana auna duhun ruwan a na'urar auna haske a kan nanomita 600. Kar ka bari su cika su tsufa. E ba ya huda ƙwayar da ta daina girma, sai wadda take tsakiyar rabuwa tana gina sabon bango, shi ya sa ma ramin yawanci a tsakiyar ƙwayar yake fitowa inda za ta rabu biyu ko kuma a ƙarshenta. Da ka ga ruwan ya fara gurɓacewa suna cikin ganiyar hayayyafa sai ka ɗaga zafin zuwa 42. Abin da zai biyo baya wallahi yana da ban sha'awa, furotin E zai haɗe bangon ciki da na waje ya buɗe rami guda mai faɗin kaman nanomita 40 zuwa 200, kuma da yake cikin bakteriya a matse yake kaman tayar da aka cika da iska sai duk abin da ke ciki ya feso waje da kansa, ruwan cikin da ribozom da DNA, ba kai za ka ƙwaƙule ba. A idonka za ka ga lambar duhun da take hawa ta juyo tana sauka, ruwan yana washewa yana ɗan yauƙi, cikin awa ɗaya zuwa biyu an gama. In lambar ta ci gaba da hawa toh ko filasmid ɗin ya zube ko kuma wasu sun canza sun daina jin E, koma baya ka fara da sabon tsiro, kar ka ce bari in ci gaba a haka.

Kuma tunda zafi shi ne makullin, maganar wuta ta shigo. A garuruwanmu da rana kan kai digiri 40 a watan Afrilu, in nefa ta ɗauke inkubeta ta tsaya ɗakin ya yi zafi, makullin zai iya fara sakin jiki tun ba ka shirya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka tanadi janareto ko sola da ma'aunin zafi a cikin ruwan shukar tun kafin ka shuka, in ba haka ba sati guda za ka yi kana neman laifin filasmid alhali ɗakin ne.

Bayan hudawa ba duka ke mutuwa ba, ko da kashi 99.9 cikin 100 sun fashe, in kana da biliyoyi kaga saura miliyoyi masu rai kenan, kuma ba mai hankalin da zai kai wannan kusa da marar lafiyar da kemo ya riga ya karya masa garkuwar jiki. Don haka ana ƙara abu biyu. Wasu suna haɗa E da wani inzayim na Staphylococcus mai daddatsa DNA don ya gama da ragowar gadon, wasu kuma suna bi da sinadarin beta-propiolactone wanda ake kashe bairos da shi wajen haɗa rigakafi, shi ma fa yana iya jawo ciwon kansa in an yi sakaci, sai a ƙarƙashin akwatin zuƙe iska da safar hannu da sanin sufabaiza. Daga nan wanki, a juya a sentirifuj fatalwar ta kwanta a ƙasa a zubar da ruwan sama a sake zuba ruwan gishiri mai tsabta, a maimaita har sai ruwan ya daina nuna DNA da furotin. Sannan ka shafa a farantin aga, daskararren abincin da ake shuka bakteriya a kai, ka ajiye, in ko ɗigon tsiro ɗaya ya fito aikin bai yi ba. In da halin samun madubin lantarki ka kai a duba maka, za ka ga ƙwayar da siffarta da ɗan raminta kaman bakin gora. Ƙarshe a busar da ita cikin daskarewa ta zama gari, a haka tana daɗewa a ajiye ba tare da firij ba, wanda a wurinmu wannan kaɗai ma abin dubawa ne.

In leb ɗinku ba ta da kayan aikin filasmid akwai wata hanya ta talaka. Amro Amara, masani ɗan ƙasar Masar, da abokansa sun fitar da ita a 2013, ana amfani da sinadarai na yau da kullum, soda mai ƙuna da SDS (wani sinadarin sabulu) da haidurojin feroksaid da kalsiyam kabonet, amma a ɗan mitsitsin ma'auni, sai ka fara gwadawa ka gano mafi ƙarancin abin da ke hana ƙwayar girma sannan ka yi aiki a daidai wannan bakin, sinadarin ya yi wa bangon ƙananan huji cikin ya tsiyaye kaman ana matse soso. Amfaninta tana aiki har a kan masu bango ɗaya mai kauri da yis waɗanda E ba ya iya hudawa. Ni dai a ganina ba ta kai ta E tsabta ba don sinadari ko yaya ne sai ya ɗan taɓa furotin ɗin saman bangon, amma ga ɗalibin da ke son ya koyi aikin da hannunsa ta wadatar.

Zuba maganin shi ne mafi sauƙi. Ka ɗauki busasshen garin ka jiƙa shi a ruwan da aka narka dokzorubisin, ya sha, ka juya a sentirifuj ka wanke na waje. Ka fara da dokzorubisin ne sabida dalili biyu, yana son manne wa tantanin ciki don haka ba ya saurin zubewa, sannan ja ne kuma yana ƙyalli, za ka iya auna nawa ya shiga a wajen nanomita 480, a madubi mai hasken ƙyalli kuma ka gan shi da idonka a cikin fatalwar. Ka riƙa tuna cewa dafi ne kake riƙe da shi, mai ciki kar ta taɓa, sharar ma ba a kwatami ake zubarwa ba. Maganin da ke narkewa sosai a ruwa shi kam ta ramin da ka huda zai koma waje, gora ba marfi kenan, shi ya sa mutanen Biyana suka gwada toshe bakin da 'yan ƙananan ƙunshin tantani da taimakon kalsiyam. Bayan lodi ka sa a jakar dayalisis ka ga yanda yake fita awa bayan awa, a ruwa mai pH 7.4 irin na jini da kuma mai ɗan tsami wajen 5 irin na cikin aljihun da ƙwayar jiki ke narka abin da ta haɗiya. Abin da kake fata ya riƙe a na farko ya saki a na biyu.

A 2004 Susanne Paukner da Lubitz sun wallafa gwajin da aka fi ambata, fatalwar Mannheimia haemolytica cike da dokzorubisin a kan ƙwayoyin kansar babban hanji na leb da ake kira Caco-2, fatalwar ta maƙale musu ta sakar musu maganin a ciki, ƙarfin kisan ya kai wajen ninki 100 na maganin da aka zuba haka nan a ruwan. Lamba ce mai daɗin ji amma a faranti aka yi, kuma faranti ba shi da hanta ba shi da saifa.

Wannan shi ya kawo mu babbar matsalar. Garkuwar jiki ba ta san fatalwa ba, ita dai ta ga bangon bakteriya da sinadarin LPS a kai, sai ta tashi, zazzaɓi da makyarkyata, hanta da saifa su kwashe mafi yawa kafin su je ko'ina. Ga girma kuma, E. coli tana kai maikuromita 1 zuwa 2, ta yi ƙato ga 'yan tsagar da ke jikin jijiyoyin jinin ƙari. Ko ƙananan ƙunshin magani da suka fi ta ƙanƙanta nesa, wani nazari na 2016 da ya tattara gwaje-gwajen dabbobi na shekara goma ya samu cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 ne kawai ke isa ƙarin. Shi ya sa fatalwa ta fi dacewa da inda za a kai ta kai tsaye, hanji ko mafitsara ko allura cikin ƙarin. Amma tashin garkuwar nan ba duka ne sharri ba. Tun 1891 William Coley a New York yake yi wa masu kansa allurar bakteriya don jiki ya harzuƙa ya afka wa ƙarin, kuma BCG ɗin nan da ake yi wa jariranmu a dantse na rigakafin tarin fuka, tun 1976 aka nuna in an ɗura shi cikin mafitsara yana maganin kansar mafitsara da ba ta yi zurfi ba, har yau ana yi. Kaga gorar da kanta tana iya zama rabin maganin.

Don a samu wadda za ta bi jini, wasu a Sidni ta ƙasar Ostireliya, Jennifer MacDiarmid da Himanshu Brahmbhatt na kamfanin EnGeneIC, sun bi wata hanya daban. Maimakon su fafe babba sai suka sa bakteriyar ta haifi ƙanana marasa gado. Akwai wasu umarni a cikin gadonta masu suna 'min' masu nuna wa ƙwaya tsakiyarta lokacin rabuwa, in ka cire su sai ta riƙa yankewa a gefe tana zubar da 'yan ƙwallaye masu faɗin nanomita 400 da ba kuromozom a ciki, ba za su taɓa hayayyafa ba, tun 1967 aka fara ganin irin su a E. coli. Su ba wayam suke kaman fatalwa ba, akwai furotin a ciki, kuma ba rami a jikinsu. Wahalar tana wajen raba su da iyayen masu rai, juyi a sentirifuj da tacewa da maganin kashe ragowar. Sai a jiƙa su a magani, sannan a manna musu antibodi mai hannu biyu, hannu ɗaya ya kama LPS na ƙwallon ɗayan ya kama EGFR, wata alama da ƙwayoyin kansa da yawa ke tarawa a jikinsu, ƙwayar kansar ta haɗiye shi ya fashe a cikinta. Sun wallafa wannan a 2007, a 2009 kuma suka nuna a ɓeraye za a iya fara aika zubi na farko ɗauke da RNA mai kashe famfon da kansa ke tofar da magani da shi, sannan a biyo da maganin.

Waɗannan ne suka kai ga mutane. Gwajin farko a Ostireliya mutum 28 aka yi wa da paclitaxel a ciki, abin da ya fi damunsu zazzaɓi da rawar ɗari bayan ɗuri, a wurin mutum 10 ciwon ya tsaya cak na wani lokaci amma ba wanda ƙarinsa ya ragu yanda za a ƙirga, kuma jikinsu ya fara haɗa antibodi a kan bangon Salmonella ɗin. A 2017 aka fitar da na masu kansar tantanin huhu irin wadda asbestos ke jawowa, mutum 26, wannan karon ɗan guntun RNA mai suna miR-16 aka loda, mutum ɗaya ƙarinsa ya ragu sosai. Duk gwaje-gwajen matakin farko ne na duba ko jiki zai ɗauka. Don haka in kana da marar lafiya a gida dan girman Allah kar ka karanta wannan ka ce a dakata da kemo ko tiyata ana jiran sabon abu, kuma duk wanda ya ce maka yana da allurar bakteriya ta maganin ciwon kansa a shagonsa ka riƙe kuɗinka ka koma wurin likitanku.

Kai kuma mai furojet, lokacin da za ka gwada a kan ƙwayoyin kansa na leb, ko MCF-7 na nono ko HepG2 na hanta ko Caco-2 ɗin, kar ka jera rami biyu kawai ka ce ka gama. Ka sa wanda ba a zuba masa komai ba, da na fatalwa zalla ba magani, da na magani zalla a daidai ma'aunin da ke cikin fatalwar, sannan fatalwa mai magani, in ba haka ba ba za ka san wa ya yi kisan ba. Ka nemi ƙwayoyin jiki masu lafiya su ma ka zuba musu, don in gorarka tana kashe su daidai da na kansa toh ba abin da ta ƙara a kan jan ruwan da aka ɗura wa gwaggona. Ka auna da MTT, gwajin da ke nuna yawan ƙwayoyin da suka rage da rai, bayan awa 24 da 48 da 72, kowanne a maimaita aƙalla sau uku a ranaku daban-daban da sabon zubi na fatalwa, kuma ka ajiye farantin agar nan da ba abin da ya tsiro a kai ka ɗauke shi hoto da kwanan wata a jiki, shi za a fara tambayarka ranar kare furojet.